Lasisin Kawu da Zagayen Sha'aban

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma, kowa da ranarsa. Ranar Kawu ta zo a ƙarshen Rajab, da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta gefen taga. Ya aiki matarsa, wadda muke kira Inna, ta ɗauko masa tabarau. Kafin ta fito daga ɗaki ya riga ya amsa kira.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, gidansa na Greenbelt, a gefen birnin Washington na Amurka, ya cika ba masaka tsinke. Mutanenmu ne ko'ina: likitoci, 'yan gidan rediyo, malaman jami'a, matan unguwar Annandale da kulolin abinci, 'yan Nijar, 'yan zangon Ghana. Amma a kan matakala akwai wasu mutum bakwai ko takwas da babu wanda ya san su. Akwai wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi, da wani baƙar fatan Amurka dogo mai ɗingishi, da wani ɗan Habasha, da wasu da ban iya cewa daga ina suke ba. Sun ga muna cire takalma, su ma sun cire nasu, sun riƙe a hannu, sun tsaya.

Mata suka fara raɗa. Wata ta ce, "Su wa ke nan?" Wata ta ce ai fasinjojinsa ne na da, lokacin yana tasi.

Inna tana zaune a ƙasa cikin mayafinta na takaba. Sai ta ɗago kai.

"Ba fasinjoji ba ne," in ji ta. "'Yan'uwansa ne na wurin barin giya. Ku matsa ku ba su wuri."

Wani dattijo ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, a rufa wa mamaci asiri mana. Alherinsa aka ce a ambata."

"Alherin nasa nake ambata, Alhaji," Inna ta ce. "Shi bai ce a rufa ba."

Baƙin suka shigo suka durƙusa a gabanta ɗaya bayan ɗaya. Dogon nan mai ɗingishi ya ce mata da Turanci, shekara huɗu Kawu yana ɗaukarsa duk Talata, bai taɓa makara ba, bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Daga nan kuka ya ci ƙarfinsa.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a ranar, ban gane shi ba sai daga baya. Cikin mazanmu akwai uku ko huɗu, manyan mutane masu muƙami, waɗanda ba dangin Kawu ba ne, ba kuma abokan hirarsa ba, amma kukan da suke yi ya fi na dangi. Ɗaya ya shiga mota ya kifa kai a kan sitiyari, ya daɗe bai ɗago ba.

Ni 'yar yayarsa ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, Uwata yake ce mini. Shi ya kawo ni ƙasar nan na yi karatun nas, a gidansa na zauna har na yi aure. In na yi laifi sai ya ce, "Ina ni ina yi wa uwata faɗa?" Daga nan sai ya yi faɗan, ya yi shi sosai.

Kawu direban tasi ne, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba ko a gaban masu digiri uku. Kusan shekara talatin yana yawo a titunan Washington. Ya san ƙofar kowane ofishin jakadanci, ya san wace hanya ce ke cushewa da ƙarfe nawa, ya san lungun da za ka bi in babbar hanyar Beltway ta tsaya cak. Da hannu biyu yake riƙe sitiyari. Ko a filin ajiye motoci da babu kowa sai ya kunna sigina. In wani ya wuce shi da gudu, sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Je ka, ɗan'uwa, jar wuta ɗaya za ta tara mu." Kuma sau da yawa haka ake yi, mu tarar da mutumin a tsaye, Kawu ya leƙa ya yi masa sannu da zuwa.

Wannan mutumin ne yake shan giya, kullum, shekara da shekaru. Ba ya tangaɗi, ba ya zagi, ba ya fashin sallar Juma'a. In ya tashi daga aiki ya ajiye mota a bayan gida, sai ya buɗe but ya ɗauko kwalbar da ke ƙarƙashin safayar taya. In ya gama ya jefa kanumfari a baki ya hau bene. Inna ta sani. Ni na sani. Jama'a sun sani rabi da rabi. Duka muka taru muka rufa masa asiri, muna ganin ladan muke samu.

Yana da wata al'ada da muke yaba masa a zuci. Ranar da aka ga watan azumi yake ajiye kwalba, ba ya sake taɓa ta sai bayan Sallah. Kwanakin farko na azumi sai ka ga hannunsa yana rawa, gumi na keto masa, abu kaɗan ya harzuƙa shi. Mu kuwa dariya muke yi, muna cewa azumi na ba Kawu kashi. Inna ta ƙara masa kunu da ƙosai a buɗa-baki. Kowace shekara rawar hannun tana ƙaruwa. Ni nas ce, na ga irin wannan rawar a asibiti ba sau ɗaya ba, na kuma san sunanta. Jikin da ya saba da giya kullum, in aka yanke masa ita farat ɗaya, yana iya tayar da bore har ya kayar da mutum. Na san haka, na yi shiru, saboda Kawu ne. Har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Ranar azumi na biyu na wata shekara, dab da la'asar, yana tuƙi a arewa maso yammacin birnin, farfaɗiya ta kama shi a kan sitiyari. Allah Ya taimaka ya riga ya sauke fasinja, kuma a hankali yake tafiya kamar yadda ya saba. Motar ta hau dakalin gefen titi ta daki wani ƙarfe ta tsaya. Babu wanda ya ji ciwo sai shi, da ya fasa goshi.

A asibiti aka auna jininsa ba a ga giya ba, to ina za a gan ta, kwana biyu rabonsa da ita. Aka ga sukarinsa ya yi ƙasa. Aka ji yana azumi. Likitan ya rubuta cewa mai yiwuwa yunwa ce da ƙishirwa. Hukumar lasisi ta dakatar da lasisinsa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya suma yana tuƙi, ta aiko da fom ya cike kafin likitocinsu su yanke hukunci. A cikin fom ɗin akwai tambaya ɗaya, ko yana shan giya a kai a kai. Ƙananan akwatuna biyu ne a gabanta, na e da na a'a.

Mu uku muka zauna da shi a teburin cin abinci: ni, da Inna, da amininsa wanda muke kira Baba na Rediyo. Baba mutumin Damagaram ne, ya yi shekaru yana karanta labarai kafin ya yi ritaya, kuma tun da suka haɗu da Kawu suke wasan Kanawa da Damagarawa, ba sa rabuwa ba sa daina tsokanar juna. Ranar babu wasa.

"Bon," in ji Baba. "Mi ne ne abin wahala a nan? Likita da kanshi ya ce azumi ne. Ka sa a'a, 'yan watanni a maido maka da permi, lasisin naka, magana ta ƙare. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ni ce ke riƙe da biro. Na san in aka sa e, ba dakatarwa ba ce kuma, janyewa za a yi, sai shiga asibitin barin shaye-shaye, sai gwajin jini, sai jira mai tsawo da babu wanda zai ce ga ranar ƙarewarsa. Tasin nan ita ce cinsu, ita ce shansu, ita ce mutuncinsa. Na ce, "Kawu, ni zan rubuta bayanin. Na san yadda ake tsara shi. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ai da gaske azumi kake yi."

Ya dube ni, bandeji a goshi, hannunsa har lokacin bai daina rawa ba.

"Uwata," ya ce, "a ina kika taɓa ganin uwa ta koya wa ɗanta ƙarya?"

Na sunkuyar da kai. Ya ci gaba, a hankali.

"Da na farfaɗo, kafin a sa ni a motar asibiti, na ga wata tsohuwa zaune a bencin jiran bas, da ledar cefanenta a cinya. Tsakaninta da hancin motata taku uku ne. Na ƙirga da idona. To ku gaya mini. In na sa a'a, su ba ni lasisi. Bayan Sallah in koma wa kwalba, don na san kaina. Watan azumin baɗi ya tsaya, in ajiye ta. Rana ta biyu wa zai kasance a kan bencin?"

Baba ya ce, "Mutane fa? Mi za su ce?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Mai Murya. Ba ni biron, Uwata."

Da hannunsa mai rawa ya yi alama a akwatin e. Layin ya karkace, ya fita daga akwatin, sai ya sake bi a kai don kada a yi shakka. Baba ya tashi ya fita ko sallama bai yi ba. Inna kuwa na ga ta ajiye numfashi irin na wanda ya sauke tulu daga ka. Ni kuwa a wannan zaman na fara jin tsoron Kawu, irin tsoron da ake ji wa wanda ya fi ka.

Aka janye lasisin. Ya kwanta asibiti aka raba jikinsa da giyar ta hanyar da ta dace, da magani da kulawa. Ya mayar da tasi. Ya samu aiki a wani shagon naman halal, yana yankan rago ƙanana-ƙanana yana zubawa a leda, wa mutanen da a da yake kai su filin jirgi.

Kawu a cikin bas abin kallo ne. Kujerar da ke bayan direba yake nema, in an zo kwana sai ka ga ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu shi. Wata rana na raka shi, na ji yana gaya wa direban cewa da ya bi ta titin baya da tuni mun isa. Direban ya ce shi hanyar da aka zana masa yake bi. Kawu ya juyo ya ce mini da Hausa, "Kin gani, har shi ma a kan sharaɗi yake, ba ni kaɗai ba." Tashar Greenbelt ita ce ƙarshen layin jirgin ƙasa, don haka yakan ce shi ne mutumin da ba ya ɓata, in jirgi ya gaji ya tsaya to an zo gidansa. Yana raha, amma na sha ganinsa a tsaye a bakin taga yana kallon wurin da ya saba ajiye mota.

Daga nan sai magana ta fara yawo cewa Kawu ya koma coci. Wata mata ce ta gan shi da idonta, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da kaftaninsa da hularsa, yana shiga ta ƙofar gefen wata coci. Ruwa ba ya tsami banza, in ji masu magana. Aka ce dama wanda ya sha giya me ya rage. Wasu suka daina sayen nama a shagon. Baba na Rediyo, wanda wata biyar rabonsa da yi wa Kawu magana, ya kasa haƙuri. Ya je ya tsaya a bakin cocin ya jira shi.

"Bakano!" ya ce. "Giyar ba ta ishe ka ba sai ka haɗa da addinin?"

Kawu ya kama hannunsa ya ce, "Zo ka yi ridda tare da ni, Badamagare."

Ya ja shi suka gangara ɗakin ƙasa. Baba ne ya ba ni labarin da bakinsa. Babu gicciye, babu waƙa. Kujerun ƙarfe ne a zagaye, da tukunyar kofi mai ɗaci, da mutane da suka ari ɗakin don su taru su taimaki juna barin sha. Kowa ya faɗi abin da ya same shi a wannan makon. Da aka zo kan Kawu ya miƙe, ya faɗi sunansa, ya ce shi mashayi ne, ya ƙirga kwanakin da ya yi bai sha ba, ya ce alhamdulillahi, su kuma suka amsa masa da kalmar kamar yadda ya koya musu. Baba ya ce shekara talatin yana magana duniya na saurare, bai taɓa faɗin gaskiya mai nauyin wannan ba ko sau ɗaya. Mako na gaba shi da kansa ya bi gida-gida yana kashe maganar cocin, da muryar nan tasa ta karanta labarai.

Faɗan da muka yi ni da Kawu ya zo ne ana saura wata biyu a sake duba maganar lasisinsa. Mahaifiyata ta rasu a Kano, yayarsa da ta goya shi. Na tafi gida zaman makoki. Da na dawo Inna ta ja ni ɗakin girki ta gaya mini. Ranar da labarin ya zo Kawu ya fita da rana ya sha, sau ɗaya, ya dawo ya kwanta yana kuka. Bai sake ba. Da ranar gwaji ta zo, bayan makonni, jininsa ya fito tas. Amma ya zauna a gaban matar da ke kula da shi a asibitin ya gaya mata da bakinsa. Ita kuma dole ta rubuta. An mayar da ƙirgen kwanakinsa farko.

Na fito falo raina a ɓace, da baƙin cikin uwata da na wannan duk sun haɗu. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Kawu, wace irin gaskiya ce wannan? Babu wanda ya gani! Gwajinsu bai gani ba! Inna na tashi da asuba tana bin bas zuwa aiki, kai kana yankan nama, ka zo bakin ƙofa ka juya da kanka?"

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Kin yi gaskiya, Uwata, na cuci Inna, na kuma roƙe ta gafara. Amma lasisin nan ba kyauta ba ce za su ba ni don na yi ƙoƙari. Amana ce ta masu tsallaka titi. Su matar nan aka ɗora wa duba ko na isa in riƙe ta. In na ɓoye mata, to da me za ta duba?"

Na ce ban yarda ba, na ɗauki jakata na tafi. Mako biyu ban zo gidan ba. Shi ya biyo ni, bas biyu da jirgi ɗaya, da ledar nama a hannu, ya tsaya a ƙofa ya ce ɗa ya zo biko wurin uwarsa.

Sai da aka shekara biyu da watanni daga ranar haɗarin kafin takardar ta zo cewa likitocin hukumar sun gamsu. Amma da sharaɗi. Sai ya sake jarrabawar tuƙi daga farko, kuma a sa wa motarsa wata na'ura da sai ya hura iska a ciki ta tabbatar babu giya kafin injin ya tashi. Ni na kai shi jarrabawar. Ya zauna a layi da furfurarsa cikin 'yan shekara goma sha shida, yana bitar littafin dokokin hanya kamar mai haddar allo. Wata matashiya ce ta gwada shi. Da suka dawo ta fito tana dariya, ta ce mini ba ta taɓa ganin mai kunna sigina da wuri irin wannan ba.

Mazanmu ba sa murmushi a hoto, kun sani. Ku je ku ga hoton da ke kan wannan lasisin, haƙoransa duk a waje. Da aka miƙa masa katin ya karɓa da hannu biyu, hannun ko motsi ba ya yi. Muka fito filin ajiye motoci, ya duba gabas, ya shimfiɗa babbar rigarsa a kan kwalta ya yi sujada. Mutane na wucewa suna kallo. Ni ina tsaye ina gadin takalmansa ina share hawaye.

Bai koma tasi ba. Tsohuwar motar ɗaukar mutum bakwai ya saya. Na'urar hurawar ma bai ɓoye ta ba, sai ya yi bisimilla ya hura a gaban kowa, wanda ya tambaya ya ba shi labari tun daga kwalbar ƙarƙashin taya. Da azumi ya matso har wurin liman ya je ya tambaya ko hurawar tana karya azumi. Liman ya ce ba ta karyawa, ya tambayi dalili, Kawu ya zauna ya zayyana masa komai, bawan Allah ya rasa inda zai sa idonsa. Da wa'adi ya cika aka cire na'urar, sai da ya yi mata sallama.

Da wannan motar ya kai masu naƙuda asibiti, ya ɗauko baƙi daga filin jirgi, ya koya wa matan da mazansu suka rasu tuƙi, ya kai mutanen matakalan nan taronsu. Amma akwai wata fita da yake yi da ba ya gaya wa kowa inda za shi. Duk shekara in watan Sha'aban ya kama, sai ya wanke motar tas, ya sa kaftani mai guga, ya fita da safe. In ka tambayi Inna sai ta ce, "Ya tafi zagaye." Wani lokaci ya kira ni ya ce, "Uwata, wane asibiti ne ke karɓar mutum ranar Asabar? Wani bawan Allah ne." Ba ya ƙarawa a kan haka.

Ranar sadakar uku na gane zagayen. Mutumin nan da ya kifa kai a sitiyari ya tare ni a bakin matakala, ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗi sunansa ba, ba kuwa zan faɗa ba. Ya ce wata shekara, ana saura kwana ashirin azumi, Kawu ya zo ofishinsa ya ce ya zo gaisuwa. Da suka keɓe sai ya ce masa, "Mai tauna kanumfari ya san ɗan'uwansa. Azumi ya matso, na san kana shirin ajiye ta ranar ganin wata. Niyyar mai kyau ce, amma kada ka ajiye ta kai kaɗai. Ni na gwada, saura taku uku in kashe uwar wani. Zo in kai ka wurin likita a raba ku a hankali. Mota tana waje, kuma daga ni sai kai sai Allah." Mutumin ya ce ya zage shi ya kore shi. Kawu ya dawo washegari, ya sake dawowa jibi. Rana ta huɗu ya shiga motar.

Nan na zauna a kan matakala. Mutumin da ya tona asirin kansa a gaban duniya, ashe shekara tara yana yawo da asirin wasu a ciki, ko matarsa bai gaya wa suna ɗaya ba.

Da muka gaya wa Baba na Rediyo, sai ya karɓi mukulli ya sauka ya bincike motar, ko Kawu ya bar wata takarda mai sunayen waɗanda bai gama da su ba. Ya samu dadduma, da carbi, da tsohuwar taswirar birni, da lasisin a maƙale a bayan makarin rana. Ko suna ɗaya babu. Ya hawo yana haki ya ce, "Bakanon nan ya tahi da su duka."

Inna ta karɓi lasisin ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce, "Ga Sha'aban ya kama, babu mai zagaye." Ta miƙa wa Baba mukullin ta ce ya riƙe. Sannan ta juyo gare ni. "Ke kuma da kika so rubuta masa ƙarya, ga dama ta samu. Rubuta gaskiyar, tunda ba mu san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba."

To na rubuta. Ban san ko kai wane ne ba, Kawu bai faɗa ba. Amma in kana ƙirga kwanaki, kana jiran a ga wata ka ajiye ta kai kaɗai, don Allah kada ka yi haka. Na faɗa maka a matsayin nas da ta taɓa gani ta yi shiru: yana iya kayar da kai, yana iya kashe ka, yana iya kashe wanda ke zaune a kan benci. Je ka ga likita tun yanzu. In kunya ce ta hana ka, kowa ya san inda Baba na Rediyo yake zama bayan sallar Juma'a. Ya wanke motar jiya. Ya ce bakin da ya yi shekara talatin yana magana ya iya yin shiru.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kwalbar, Ya karɓi alamar nan karkatacciya da ya yi da hannu mai rawa. Yadda ya rufa asirin bayinKa, ya Allah, Ka lulluɓe shi da rahamarKa. Tun da ya tafi babu wanda ya sake ce mini Uwata.